Yadda Ake Gano Bairos ɗin Hanji a Dagwalon Najasa

Bairos ɗin hanji, irin na shan inna da rota mai sa yara gudawa, manne wa laka suke yi. Wanda ya auna ruwan sama ya ƙyale dagwalon da ya kwanta a ƙasa, ya bar jaki yana dukan taiki.

Da farko sa safar hannu da takunkumi, ka ɗebi dagwalon daga wurare daban-daban cikin kwalba mai tsabta, ka kai ɗakin gwaji cikin ƙanƙara. Ware kaɗan ka busar a zafin digiri 105 na Salsiyas ka auna, domin da busasshen nauyi ake lissafi.

Sai babban aikin, wato raba bairos da laka. A zuba sinadarin aluminiyam kulorayid, a sauke pH, wato ma'aunin tsami, zuwa 3.5, a juya a injin santirifuj mai wulwula samfuri da sauri har laka ta kwanta, a zubar da ruwan. Abin da ya kwanta a dama shi da ruwan tatson naman shanu mai ƙarfin kashi 10 cikin 100. E, naman shanu. Furotin ɗinsa ne ke ɓamɓare bairos daga jikin laka. A sake juyawa, a tace bakteriya. Wannan karon ruwan ake so. A sirka shi, a mai da pH 3.5, za ka ga ya yi gudaji kamar madarar da ta tsinke. Gudajin nan ake narkarwa a ɗan ruwan fosfet.

Wajen ƙirga, ana zuba shi kan ƙwayoyin halitta na ƙodar biri da ake renonsu a faranti, waɗanda ake kira BGM. Bayan kwanaki, duk inda bairos ya ci sai ya bar tabo, a ƙirga tabban. Dokar Amurka ta 1993 ta ce dagwalo mai daraja ta ɗaya, wato mafi tsabta, kada ya kai tabo 1 a giram 4 na busasshe.

Gwajin PCR, mai neman ƙwayar gadon bairos, ya fi sauri, yana kuma kama noro, wani bairos mai sa amai da gudawa wanda ba ya tsiro a BGM, amma ba ya bambance rayayye da matacce. Ga dattin laka na iya toshe shi ya nuna babu alhali akwai. Don haka tun farko ka saka sanannen adadin wani bairos a samfurin, ka duba nawa ya dawo. In kaɗan ne, sake aikin.