Darasi na 7: Mayar da Tenshona Bayan Canza Gaskit ɗin Kan Inji

A ƙauyukan Kebbi, da babur ake ɗauko buhun shinkafa daga fadama, da shi ake cin kasuwar Jega. Idan gaskit ɗin kan inji, wato siririn faifan da ke like tsakanin kan inji da silinda, ya ƙone, babur yakan rasa ƙarfi, baƙin mai ya riƙa tsiyaya ta gefen silinda. Magidanta da yawa sukan sayo sabo su canza a ƙofar gida, maimakon su tura babur har Argungu ko Birnin Kebbi. Sa gaskit ba wuya. Inda aikin ya fi ɓaci shi ne wajen mayar da sarƙar tayimin da tenshonanta.

A babur irin Bajaj Boxer akwai siririyar sarƙa a cikin inji, ba wadda take jan tayar baya ba. Ita ce sarƙar tayimin, wadda ta haɗa karanshaf na ƙasa, ƙarfen da fistin ke juyawa, da kamshaf na sama, ƙarfen da ke buɗe bawul. In karanshaf ya juya sau 2, kamshaf sau 1 yake juyawa. Wannan lissafi ne yake sa bawul ya buɗe lokacin da fistin ya ba shi wuri. Tenshona kuwa ɗan ƙarfe ne mai sifirin, a jikin silinda. Harshensa yana tura wata doguwar roba, robar ta matse sarƙa don kada ta yi sako-sako.

Tun wajen kwancewa, ɗaure sarƙar da waya ka rataye. In ta zube cikin inji, ka ƙara wa kanka aiki. Ka shimfiɗa buhu mai tsabta ka jera kayan a kai, musamman lokacin hunturu, don ƙura ba ta shiri da cikin inji. Kafin ka ɗora kan inji, duba robar gaba, wadda sarƙa ke bi ta kanta a gefen da ba tenshona, ta zauna a raminta. Sannan ka ɗaure notocin kai a gicciye, kaɗan-kaɗan, ba ɗaya ya ƙare kafin a taɓa sauran ba.

Yanzu buɗe ƙaramin murfin da ke gefen maganeto. Juya inji har harafin T ya tsaya daidai da tsagar da ke bakin ramin. A babura da yawa akwai harafin F kusa da shi. Wannan na wuta ne, ba shi muke nema ba. A sama kuma, alamar da ke jikin sufuroket, wato faifan haƙoran kamshaf da sarƙa ke hawa, ta dace da alamar kan inji. Ka ɗora sarƙar yadda gefen gaba zai miƙe, sako-sakon ya koma wajen tenshona.

Ga wurin da nake so ka natsu. Da ka cire tenshona, sifirin yake turo harshen waje gaba ɗaya, kuma an yi shi ne don ya fita, ba ya komawa da kansa. In ka ɗaure shi a haka, zai shaƙe sarƙa, ya cinye roba, wani lokaci ma jikinsa ya tsage. Sai an mayar da harshen ciki tukuna. Akwai tenshona mai sukuru: cire notin bayansa, sa ƙaramin sukundireba, murɗa ta hannun dama har harshen ya shige, ka riƙe shi a haka, ɗan'uwanka ya ɗaure notoci biyun da ke riƙe tenshona a silinda. Sannan ka saki, za ka ji ya ce ƙas. Akwai kuma mai haƙora: cire noti da sifirin, ɗaga ɗan makullin, tura harshen ciki, ɗaure shi a silinda, sifirin ya zo a ƙarshe. In ka sassauta tenshona ko da rabi ne, kada ka sake ɗaurewa haka nan. Cire shi duka, ka mayar da harshen daga farko.

Kada ka buga kik tukuna, ko da ana jiran ka. Cire filogi, ka juya inji da sifana, a hankali, zagaye 2 cikakku, ta inda yake juyawa in yana aiki. Alamomin biyu su koma inda ka bar su. In ka ji ya cije, tsaya nan take. Mai yiwuwa fistin ne ya haɗu da bawul, kuma bugu ɗaya ya isa ya lanƙwasa shi. Gyaran gaskit ya koma sayen bawul ke nan.

In alamar sama ta kauce, sarƙa ta tsallake haƙori. Haƙori ɗaya ma yakan sa babur ya yi wuyar tashi, ko ya tashi ba ƙarfi. Cire tenshona, gyara, mayar. In kuwa ya tashi lafiya amma kana jin ƙarar kacar-kacar daga gefen sarƙa, duba ko harshen ya saki. Idan ya fito har ƙarshe kuma ƙarar ba ta daina ba, sarƙar ce ta buɗe, sai sabuwa. Wannan aiki yana bukatar abin zare maganeto, gara ka kai wa bakanike.

Aiki: Rubuta harafin da ake nema a jikin maganeto. In karanshaf ya juya sau 10, sau nawa kamshaf zai juya? Bayyana wa na kusa da kai yadda ake mayar da harshen tenshona mai sukuru.