Kalmar "assertive" da tsayawa kan haƙƙi a Legas

Wanda ya sami aiki a kamfani a Ikeja ko Apapa ba zai daɗe ba shugabansa zai ce masa ya zama "assertive". 'Yan uwanmu Hausawa da yawa sukan ɗauka ana nufin su zama masifaffu. Ba haka ba ne. Ma'anarta mutum ya faɗi buƙatarsa a fili, ya tsaya a kanta, ba zagi ba hayaniya. Mai zafin kai da neman rigima shi ake kira "aggressive", kuma idan aka rubuta wa ma'aikaci wannan a fayil ɗinsa, zargi ne. Sai dai a tallan neman ma'aikata, "aggressive marketer" na nufin mai nacin neman kwastoma. Kafin ka karɓi irin wannan aiki, tambayi ko albashi ne ko kamisho, da adadin cinikin da ake so ka kawo a wata.

Abin da ke cutar da mu shi ne kawaici. A gida, idan ka ce "ba komai" ko "sai yadda ka ce", mai hankali ya san akwai komai, zai ƙara maka. A Legas shiru yarda ce. Wanda ya ji ka ce ba komai, a haka zai rufe maganar, kuma ba ya ganin ya zalunce ka.

Danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, ne wurin koyo na farko. Tambayi kuɗin mota kafin ka sa ƙafa, ka gaya wa kwandasta takardar kuɗin da ke hannunka. Tuna masa canjinka tun da sauran tasha biyu, domin idan ka bari sai wajen sauka, zai iya haɗa ka da wani fasinja a kan takarda ɗaya ya ce ku raba. Idan an kusa inda za ka sauka, ka ce "owa" da ƙarfi. Mai faɗa a hankali sai a wuce da shi.

Wajen kama haya abin ya fi tsada. Ban da kuɗin ɗaki, ejan, wato dillalin gida, zai lissafa kuɗinsa, da na yarjejeniya, da na ajiya saboda ɓarna. Ka ce a rubuta kowanne daban, a ba ka rasit, kuma kada ka biya ɗakin da ba ka shiga ka gani ba. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ko da yake ba ta shafi Ikoyi, Victoria Island, Apapa da Ikeja GRA ba. Idan an matsa maka, maimaita magana ɗaya da murya ɗaya: "Shekara ɗaya zan biya, a ba ni rasit."

Inda ake ɓata rawa da tsalle shi ne nuna yatsa, riƙe riga ko ɗaga murya. Nan ka tashi daga "assertive" ka faɗa "aggressive". Yarbawa suna girmama shekaru ƙwarai, don haka gaida babba tukuna, ka sa "sa" ko "ma", sannan ka kawo buƙatarka. 'Yan tashar da ake kira agbero kuwa, kada ka yi musu da su kai kaɗai; kai ƙorafinka ga shugabannin Hausawa na unguwarku, kamar na Agege ko Idi-Araba.