Yadda Za a Yi Amfani da Na'urar Saita Inji ta Hannu Ba Tare da An Lalata Mota Ba

Matasa da dama a Birnin Kebbi da ke da motocin gudu irin su Mustang, Camaro ko Golf GTI suna sauya salansa da matatar iska, sannan su sayo wata ƙaramar na'ura mai kama da wayar salula da aka ce tana ƙara wa inji ƙarfi. Kamfanoni irin su COBB da SCT da DiabloSport ne ke ƙera ta, kuma ana jona ta ne a soket mai ƙofofi 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wato OBD-II, wanda ya zama dole a motocin Amurka tun 1996. Aikinta shi ne sake rubuta umarnin da ke cikin ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji: yawan fetur da nozul zai fesa, lokacin da fulogi zai ba da wuta, da kuma matsin iskar da turbo zai tura, idan motar tana da shi. Tana ƙara ƙarfi, amma iya abin da injin da man da ke cikin tanki za su iya ɗauka.

Da farko sai a duba irin injin. Idan ba shi da turbo, ƙarin da za a samu kaɗan ne, kuma sau da yawa abin da direba ke ji a ƙafarsa saurin amsawar totur ne kawai, wanda ke sa mota ta zabura da wuri alhali ƙarfinta na nan kusan yadda yake. Injin da ke da turbo shi ne ke amfana sosai, domin ƙara matsin iska yana ba da damar ƙona ƙarin mai a kowane bugun fistin. Haka kuma motar da aka sauya wa manyan kaya, kamar nozul mafi girma ko wani turbo dabam, ba za ta yi aiki daidai da saitin kamfani ba, kuma a ganina wannan ne babban dalilin sayen na'urar.

Kafin a taɓa ƙwaƙwalwa, wajibi ne a tabbatar da lafiyar injin. A karanta lambobin matsala da na'urar za ta nuna, a gyara su, a sa sababbin fulogai, a wanke lagireto, a kuma duba matatar iska, musamman bayan hunturu lokacin da ƙura ke toshe ta. Motoci da yawa da ke shigowa hannunmu an riga an cire musu tamostat, wasu kuma an fasa musu abin da makanikai ke kira indomi, wato matatar da ke rage gubar hayaƙi a cikin salansa. Duk wannan yana rikita bayanan da ƙwaƙwalwa ke dogaro da su, kuma saitin da aka ɗora a kan bayanan da ba daidai ba zai fito a karkace.

Batun mai shi ne ya fi damuna. Saitunan da ke zuwa cikin na'urorin Amurka suna ɗauke da lambobi kamar 91 ko 93, wato lambar octane da ke nuna yadda fetur ke jure matsi ba tare da ya fashe da kansa ba, kuma ma'aunin Amurka ya bambanta da wanda ake amfani da shi a yawancin ƙasashe, mai suna RON: 93 ɗinsu yana kusa da 98 a ma'aunin RON. Gidajen manmu galibi fetur iri ɗaya suke sayarwa ba tare da wata lamba a jikin famfo ba, balle wanda ake saya a galan wurin 'yan bumburutu. Idan aka ɗora saitin 93 a kan man da bai kai ba, man zai riƙa fashewa ba bisa ƙa'ida ba a cikin silinda, a ji wata ƙara siririya kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Na taɓa tsayawa a garejin wani bakanike ina kallon fistin da aka ciro daga motar abokina bayan irin wannan kuskure: gefensa ya ɓantare, samansa kuma ya yi tabo-tabo kamar an yi masa feshin yashi. Saboda haka a zaɓi saitin da ke da mafi ƙarancin lamba, ko a nemi gwani ya rubuta na musamman da ya dace da manmu. Zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a Kebbi, yana ƙara tsananta matsalar, domin iska mai zafi ba ta da nauyi kuma tana saurin tayar da wannan fashewar.

Wurin ɗora saitin, a jona batir da caja mai ƙarfi, a kashe fitilu da na'urar sanyaya mota, a bar na'urar ta adana saitin asali tukuna, kuma kada a zare wayar na'urar daga soket sai ta nuna ta gama, saboda yankewar wuta a tsakiyar aiki na iya kashe ƙwaƙwalwar ɗungurungum. Wanda zai sayi na'urar da aka taɓa amfani da ita ya tabbatar an raba ta da motar farko, domin yawancinsu suna kulle kansu da mota ɗaya.

Hanyar sanin gaskiyar ƙarin ita ce auna motar a kan injin gwajin ƙarfi kafin saiti da bayansa, a yanayin zafi iri ɗaya. Idan hakan bai samu ba, a bar na'urar ta naɗi bayanai yayin tuƙi, wani na zaune a gefe yana riƙe da ita, a kan hanyar da babu jama'a ko dabbobi, ba titin Jega ko na Argungu ranar kasuwa ba. A lura da zafin iskar da ke shiga inji, da cakuɗar iska da mai, wadda ke kusa da 14.7 zuwa 1 a tafiya ta yau da kullum kuma ya kamata ta sauka ƙasa da haka idan aka danna totur sosai. Idan bayanan suka nuna ƙwaƙwalwa na yawan jinkirta wutar fulogi don kare inji, to ƙarfin da aka saya yana zubewa, kuma abin yi shi ne a mayar da saitin asali a ranar, a sake duba mai da sanyaya kafin a sake gwadawa.