Kafin ka saka sabon injinka a Facebook

Salam 'yan uwa, musamman masu ƙere-ƙere na Panteka, wallahi abin nan yana damuna. Jiya na ga wani yaro ya haɗa injin ɓare gyaɗa da hannunsa, har walda bata huce ba ya ɗora bidiyo yana nuna kowane ƙusa da bel, don Allah ku daina gaggawar nan. Dokar patent (wato takardar da gwamnati ke ba mai ƙirƙira don kare haƙƙinsa a kan abin da ya ƙirƙira) ta Najeriya ta 1970 tana son abu ya zama sabo, idan ka riga ka baje shi a duniya kafin ka shigar da takarda to zaka iya rasa haƙƙinka.

Abin ba na yau bane, tun 1474 garin Benis na Italiya ya kafa irin wannan doka. Anan ofishin rajistan yana Abuja ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci, ka kai bayani da zane dalla-dalla, su takardu suke dubawa ba gwada injin zasu yi ba. Kariyar shekara 20 ce amma sai kana biyan kuɗin shekara-shekara. Hukumar NOTAP, wato ofishin gwamnatin tarayya mai kula da samo fasaha da bunƙasa ta, tana taimakawa masu ƙirƙira wajen shigarwa, ku tuntuɓe su tukun.