Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Golf da Kula da Ita a Gida

Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara ƙera Golf a 1974, amma waɗanda suka cika titunanmu su ne Golf 2, wadda aka ƙera daga 1983 zuwa 1992, da Golf 3 da ta fito a 1991 aka ci gaba da yin ta har 1997. Yawancinsu sun gama aiki a Turai kafin su shigo ta tashar Kwatano ko ta Legas a matsayin 'yan Beljiyam, sannan suka shafe shekaru suna jigilar fasinja da buhunan hatsi tsakanin garuruwa. Duk da haka, ga mai son ya koyi gyaran mota da hannunsa don sha'awa, da wuya ya sami wadda ta fi su dacewa, domin injinsu ba shi da rikitarwa, kayan gyaransu suna nan a Ƙofar Ruwa a Kano da Fanteka a Kaduna da Ladipo a Legas, kuma kusan kowane gareji akwai wanda ya san cikinsu. Abin da ke kayar da masu wannan aiki shi ne rashin bin tsari, inda mutum zai fara da fenti da kujeru da rediyo, kuɗi su ƙare, motar kuma ba ta da birki. Tsarin da ya dace shi ne takardu da ƙarfen jiki tukuna, sai birki da ƙafafu, sai ruwa da inji, fenti kuma a can ƙarshe.

Kafin a biya kuɗi, a duba lambar shasi da ke jikin motar a gwada ta da wadda ke cikin takardun kwastan da na mallaka, harafi bayan harafi. Golf 3 da aka yi wa kasuwar Turai lambarta takan fara da WVWZZZ1H, kuma idan an ga alamar walda ko gugar ƙarfe a kewayen wurin da aka buga lambar, a haƙura da motar komai arharta. A cikin but, kusa da wurin safaya, akwai wata farar takarda da kamfani ya manna, mai ɗauke da lambar inji da ta giyabos da ta launin fenti. Idan tana nan a ɗauki hotonta, sannan a gwada da lambar da ke jikin injin, domin motocin nan da yawa an sauya masu inji, kuma wanda bai san injin da ke cikin motarsa ba zai yi ta sayen kayan da ba su shiga.

Daga nan sai tsatsa, kuma nan ne ya kamata a ɗauki lokaci. Arewa ba ta da damshin da ke cin ƙarfe da sauri, amma motocin sun zo da cutarsu daga Turai, inda ake watsa gishiri a hanya lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, gishirin kuma yakan maƙale a lungunan ƙasan mota yana ci a hankali. A ɗage kafet a duba daɓen gaba da na baya, a duba dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, wanda Golf 3 ta yi ƙaurin suna wajen ruɓewarsa, a duba bakin wurin tayoyi, da kewayen gilashin gaba, da ƙasan batir, da wurin da kan shokazoba yake ɗaurewa a cikin bonet. Sukundireba ya fi ido gaskiya a wannan bincike: a danna shi a duk inda ake shakka, idan ya shige to ƙarfen ya mutu. Ƙaramin maganaɗisu kuma yana nuna inda aka cika rami da bodi fila, tunda ba ya kamawa a wurin. Tsatsar ƙofa ko ta bonet ba abin damuwa ba ce, ana sauya su da wasu. Tsatsar da ta kai wurin da ƙafafun mota suke riƙe da jiki ita ce ke sa a bar mota, domin gyaranta yana iya fin kuɗin motar, kuma idan aka yi shi da ganganci rai ne ake wasa da shi.

Idan za a yi walda, a nemi mai waldar da zai yanke ruɓaɓɓen ƙarfe gaba ɗaya ya sa sabo, kada a yarda da liƙa falle a kan tsatsa, domin za ta ci gaba da aikinta a ƙarƙashi. A cire kan batir kafin a fara, a cire kafet da kujeru, a kawar da tankin mai da bututunsa idan wutar za ta kusance su. Bayan walda a shafa fentin hana tsatsa ciki da waje a ranar, kada a bari sai gobe.

Kayan aikin farko ba su da yawa: saitin sifana da soket daga lamba 8 zuwa 19, da makullan alanki, da filaya, da jak, da mita ta awon wuta, da sifanar awon ƙarfin ɗauri idan hali ya yi. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne ƙafafun ƙarfe na tokare mota. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulo na siminti yakan fashe ba tare da gargaɗi ba. Yana da kyau a riƙa ɗaukar hoto da waya kafin a kwance kowane abu, a zuba notinansa a leda a rubuta sunan wurin, a kuma ware littafi guda da za a riƙa rubuta kwanan wata da kilomita da abin da aka sauya.

Birki shi ne aikin farko na hannu. Yawancin waɗannan motoci faifai ne a gaba, ganga a baya. A cire tayoyi a duba kaurin takalman birki, a duba bututun roba ko ya tsage ko ya kumbura, a buɗe gangar baya a ga ko silindar birki tana yoyo. Ƙurar da ke cikin ganga ba a hura ta da baki ko da iska, domin tsofaffin takalman birki suna iya ƙunsar asbestos mai lalata huhu. A goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. Man birki nau'in DOT 4 ne, yana tsotsar damshi daga iska, shi ya sa ake sauya shi duk shekara 2 ko da motar ba ta yi tafiya ba. Wajen fitar da iska ana farawa da tayar da ta fi nisa da tukunyar birki, wato bayan dama, sai bayan hagu, sai gaban dama, sai gaban hagu, mutum ɗaya yana taka birki ɗaya yana buɗe nono, wato ɗan bakin fitar da iska da ke jikin birkin kowace taya, ana lura kada tukunyar ta ƙafe. Man birki yana cin fenti, don haka duk inda ya ɗiga a wanke nan take.

Tunda an buɗe gangar baya, a wanke boris a sa masa sabon giris. Notinsa ba a ɗaure shi tamau. Ana ɗaure shi ne daidai yadda washar da ke bayansa za ta iya motsawa kaɗan idan aka tura ta da bakin sukundireba, sannan a sa sabon fin. Ɗaurin da ya wuce haka yana ƙona boris a kan hanya. A gaba kuma a duba bushin da boljoyin da tayarod da robar da ke rufe kan shaft, wadda idan ta yage yashi ke shiga ya cinye haɗin cikin 'yan watanni. Notinan bushin ana ƙarasa ɗaure su ne bayan an sauke motar ta tsaya kan tayoyinta, idan ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta tsage da wuri. Notin taya ana ɗaure shi a 110 Nm. A jikin kowace taya akwai lambobi 4 da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 na 2019, kuma tayar Beljiyam mai kyan zane tana iya zama tsohuwar da zafin kwalta zai fasa.

Batun ruwa shi ne inda nake da saɓani da abin da aka saba yi a garejinmu. Da zarar mota ta fara zafi, sai a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayar da inji, a ce ai an yi su ne don ƙasar sanyi. Wannan kuskure ne. Aikin tamostat shi ne ya riƙe ruwa a cikin inji har ya kai wajen digiri 87 kafin ya sake shi zuwa lagireto, domin an ƙera injin ya yi aiki a kusan digiri 90. Injin da ba ya kai wannan zafi yana shan fetur fiye da kima, musamman mai injekta, tunda na'urarsa tana ɗauka har yanzu a sanyaye yake, kuma fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin mai daga bangon silinda ya ci ringi. Dalilin zafin kuwa yana nan ba a taɓa shi ba, kuma yawanci lagireto ne da ya toshe, ko murfin tulun ruwa da ba ya riƙe matsi, ko makunnin fanka da ke jikin lagireto ya mutu, ko famfon ruwa ya gaji. A gyara ainihin abin, a mayar da tamostat mazauninsa a ƙasan famfon ruwa, a mayar da fanka kan makunninta. A duba kuma bakin roba da ke jikin kan silinda inda tiyo ke haɗuwa, domin yakan tsage da tsufa ya riƙa zubar da ruwa a ɓoye. Ruwan rijiya ko na burtsatse zalla yana barin ƙanzo a cikin lagireto, ya kuma sa ƙarfe tsatsa, saboda haka a yi amfani da ruwan sanyaya inji a gauraya da tataccen ruwa, kuma kada a haɗa mai launin shuɗi ko kore da mai launin hoda. Ba a buɗe murfin ruwa injin yana da zafi.

Injin 1.6 da 1.8 mai bawul 8 da ke cikin mafi yawansu yana da juriya, don haka kada a yi gaggawar sauke shi. A fara da awon matsin silinda huɗun. Idan alƙaluman sun yi kusa da juna kuma babu shuɗin hayaƙi, babu ruwa a cikin baƙin mai, to injin sabis yake buƙata. A sauya tayimin bel da tayar da ke ɗame shi tun farko, tunda ba a san yaushe aka sa na ciki ba, daga nan a riƙa sauyawa a wajen kilomita 60,000 ko shekara 4. A daidaita alamomin tayimin kafin a cire tsohon, bayan an sa sabo kuma a juya injin da hannu zagaye 2 a tabbatar alamomin sun koma wurinsu kafin a taɓa makulli. Wayoyin fulogi suna bin jerin 1-3-4-2. Baƙin mai kusan lita 4 yake ci tare da filta, 15W-40 ko 20W-50 ya dace da zafinmu, kuma a ganina kilomita 5,000 ya isa a juye shi saboda ƙura. Filtar iska a lokacin hunturu a riƙa duba ta duk wata. Golf 2 mai kafireta nau'in Pierburg 2E2 tana da tiyoyin iska ƙanana masu yawa, kuma sau da yawa rawar da injin ke yi a tsaye daga tsagewar ɗayansu take, ko daga robar da kafiretar ke zaune a kai, don haka a duba su kafin a bari wani ya fara murɗa sukurori.

Giyabos ɗin waɗannan injina yana ɗaukar kusan lita 2 na man giya 75W-90, kuma idan man ya yi ƙasa giya ta biyar ce ke fara lalacewa, domin ita ce a can ƙarshen akwatin inda mai ke daina kaiwa da wuri. Sandar giya da ke lilo kuwa yawanci ƙananan robobin sandunan haɗi ne suka cinye, kuma kuɗinsu kaɗan ne.

Wutar tsohuwar Golf takan sha wahala a hannun masu gyaran gaggawa. Batir mai lafiya yana nuna kusan volt 12.6 a kashe, ya nuna tsakanin 13.8 da 14.4 idan injin yana aiki. A kankare wayoyin da ke ɗaure da jikin mota da inji har ƙarfe ya yi haske, domin da yawa daga cikin matsalolin fitila da kik daga nan suke. Akwatin fiyus yana ƙarƙashin dashbod ta gefen direba, kuma ruwan sama da ke shigowa ta robar gilashi ko ta magudanar da ganye ya toshe a gindin gilashin yakan sauka a kansa. Duk fiyus da aka naɗe da zaren waya a cire shi a sa na gaskiya mai lambar da ta dace, domin irin wannan naɗi ne ke tayar da gobara a mota.

Wajen sayen kaya, a tafi kasuwa da tsohon a hannu a gwada. Ƙofa da fitila da kujera da giyabos na Beljiyam sukan fi sabon jabu inganci, amma bel da takalman birki da tiyo da tamostat da boris sababbi ake saye, daga kamfanin da aka sani. Aikin da ya fi ƙarfin gida, kamar gyaran kan silinda da alayimen da walda, a kai wa masu shi, a tsaya a kalli yadda suke yi, a yi tambaya cikin ladabi.

Sai motar ta yi 'yan watanni tana tafiya ba zafi ba yoyo sannan a je ga fenti. A ba mai fenti lambar launin da ke kan takardar but, a nemi ya cire bamba da fitilu da robobin gilashi maimakon ya rufe su da takarda, kuma a guji fesawa a fili ranar da hazo ya sauka, domin ƙura tana zama a cikin ɗanyen fenti. Bayan an gama, motar da ba a hawa kullum a riƙa fita da ita sau ɗaya a mako, tafiyar da za ta kai injin ga cikakken zafinsa, a ajiye ta a inuwa saboda rana tana fasa dashbod da robobi, a kuma duba baƙin mai da ruwa da iskar taya kafin kowace doguwar tafiya.