Yadda za ka gane ko katin girafik mai tsada ya cancanci kuɗinka

A watan Janairun 2025 kamfanin Nvidia ya fitar da katin girafik, wato ɓangaren kwamfuta da ke sarrafa hoton da ke fitowa a allo, mai suna RTX 5090 a kan dala 1,999, kuma a shaguna da wuya ka same shi a wannan farashin, sai sama. Kati ne mai ƙarfin gaske, babu gardama. Amma yawancin masu sha'awarsa ba za su ci moriyar ko rabin ƙarfinsa ba. Ga yadda za ka auna kafin ka fitar da kuɗi.

Fara da duba monitarka, domin ita ce ke yanke hukunci. Monita mai 1080p tana da ɗigon hoto kusan miliyan 2, mai 4K kuwa tana da sama da miliyan 8, ninki huɗu ke nan. Manyan katuna an ƙera su ne don su tura wancan nauyi na 4K cikin sauri. Idan monitarka 1080p ce mai 60Hz, hoto 60 kawai take iya nunawa a daƙiƙa, ko da katin yana fitar da 300. Sauran duk asara ne, kamar ka sayi tirela don ɗauko buhun masara ɗaya. Mai monita 1440p, wadda ke tsakanin 1080p da 4K, kati irin RTX 5070 da ya fito a kan dala 549 ko RX 9070 XT na kamfanin AMD da ya fito a kan dala 599 zai ishe shi har ya yi saura.

Na biyu, rubuta gem ɗin da kake bugawa kullum, ba wanda kake burin bugawa wata rana ba. Ƙwallo irin EA Sports FC da eFootball, ko Counter-Strike 2 da Fortnite, ba sa buƙatar katin dala dubu biyu. Inda babban kati ke nuna kansa shi ne gem irin Cyberpunk 2077 idan aka kunna fasahar bin hasken nan da ke sa inuwa da ƙyallin ruwa su fito kamar na zahiri.

Na uku shi ne wuta, kuma a nan nake so ka daɗe kana lissafi. RTX 5090 shi kaɗai yana iya shan wat 575, Nvidia kuma ta ba da shawarar akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfuta na wat 1,000. RTX 4090 na 2022 yana shan 450. Kwatanta da RTX 4060 da ke shan kusan 115. In ka haɗa babban kati da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da monita, kana maganar wat 700 zuwa 800 a lokacin wasa. Ƙaramin janaretan gida ba zai ɗauka ba, inbata ma sai mai ƙarfi da batura masu kyau. A 2025, yawancin waɗanda ke layin Band A a Najeriya sun riƙa biyan sama da naira 200 kan kowane unit, awa huɗu a rana kuwa ya kai unit uku. Sannan duk wutar da katin ya sha zafi take komawa a cikin ɗakin. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, ɗaki mara na'urar sanyaya iska zai zama tanda, katin kuma da ya ji zafi yakan rage gudu da kansa. Kada ka manta da sitabilaiza ko UPS, saboda wutar da ke zuwa tana ɗaukewa ba ta da tausayi ga kaya mai tsada.

Na huɗu, buɗe akwatin kwamfutarka ka auna da tef. Yawancin waɗannan katunan sun haura santimita 30. Igiyar wutarsu mai fil 16 a bakinta sai an danna ta har ƙarshe, ba a lanƙwasa ta dab da baki. An samu rahotannin narkewar wannan baki a RTX 4090. Tsohuwar furosesa ma za ta riƙe sabon kati, ya kasa sakin jiki.

Na biyar, tambayi kanka ko katin zai kawo kuɗi. Mai haɗa bidiyo, mai zanen 3D a manhajar Blender, ko mai gudanar da manhajar ƙirƙirarriyar basira a kwamfutarsa, ma'ajiyar gigabait 32 da ke kan 5090 jari ce gare shi, domin aikin awa biyu na iya komawa ƙasa da haka sosai. Ga irin wannan mutum, ni ina ganin ya cancanta.

Idan za ka sayi na hannu, ka kula. Bayan an daina haƙar kuɗin kirifto na Ethereum da katunan girafik a Satumbar 2022, katunan da suka yi aiki dare da rana sun cika kasuwa. Sa mai kayan ya haɗa shi a gabanka, a kunna gem mai nauyi na minti 20, ka duba zafinsa da manhajar GPU-Z, ka saurari ƙarar fanka, ka lura ko wasu ɗigo ko layuka suna fitowa a allo kafin ka ƙirga kuɗi.