Yadda ake kula da mai shan haɗin maganin sankarar mama

Likitoci kan haɗa magani biyu ne saboda ƙwayar dajin da ta fi ƙarfin wannan, wancan ya kama ta. Bincike ya tabbatar da amfanin haɗin doxorubicin da cyclophosphamide, ana sa su ta jijiya duk bayan kwana 21, galibi zagaye 4.

Kafin a fara, a yi hoton zuciya, domin doxorubicin na iya raunana ta. Gwajin jini kuwa kafin kowane zagaye ne. In daga Daura za ku shigo Katsina, ku yi shi da wuri, kada ku biya kuɗin mota a ce jinin bai kai ba.

Fitsari zai yi ja kwana ɗaya ko biyu, launin maganin ne. Mara lafiyar ta sha ruwa lita 2 zuwa 3 kullum saboda mafitsara, musamman da bazara.

Haɗarin yana tsakanin kwana na 7 da na 14 bayan kowane zagaye, lokacin da garkuwar jiki ke faɗuwa. Ku ajiye ma'aunin zafi. Ya kai 38, sai asibiti ko da tsakar dare. Ban da farasitamol, ɓoye zazzaɓin yake yi. Jiƙo ma kada a ba ta sai likita ya sani.